Tarwadar Yaya Isuhu da Ruwan Dutsen Dannat

Maraɗi zuwa Agadas

Ladan bai kira assalatu ba na rufe ɗakina, na damƙa wa maƙwabciya makulli da amanar kaji, ɗan kabu-kabu ya kai ni tasha. A tashar muka yi sallar asuba, gari bai gama wayewa ba motar ta ɗaga. Ni Habsu ce, mai bandar kifi a kasuwar Maraɗi, 'yar masuntan Madarumfa, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Tawa ba.

Abin da ya fitar da ni shi ne wana, Yaya Isuhu. Ya fi shekara talatin a Akokan, kusa da Arlit, yana aiki a ramin yuraniyom na ƙarƙashin ƙasa. An rufe ramin a 2021, bayan nan matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, shi kuwa ya ƙi dawowa gida. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, mun haɗa shi da dattawa, duk a banza. Sai ga shi wata rana ya kira ni a waya da kansa, ya ce in zo in taya shi ɗaure kaya. Ban tsaya tambayar dalili ba, don na san halinsa, yana iya sauya shawara kafin in ajiye wayar.

Mun wuce Madawa da hantsi, warin albasa ya cika motar tun daga Galmi, muka karya arewa a Tsarnawa. A kowane shinge jandarma ya hau ya karɓi katin shaida, mu sauka mu jeru a rana, a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ba ta jin sunan da ke kan katinta, sai an kira ta da sunan ɗanta na fari take amsawa, don haka a kowane shinge ita ce ta ƙarshe, direba yana ta ƙunƙuni. Mun yi azahar a Tawa.

Gaba da Tawa akwai Tabalak, inda tabki ya shimfiɗu gefen hanya, mata suka yanyame motar da farantan soyayyen kifi. Na saya don in ga aikin wasu. Kifin mai kyau ne, amma man ya sha wuta fiye da kima, kuma na faɗa wa mai shi. Ta ce in na iya in sauko in soya. Na so in sauka ɗin, direba ya danna oda.

Daga Abalak itatuwa suka fara ja da baya, ƙasa ta buɗe, hanya ta lalace. Bayan isha muka shiga Agadas, na shimfiɗa zane a rumfar mata ta tasha, ƙafafuna sun kumbura kamar an hura su.

Agadas zuwa Akokan

Tsakanin Agadas da Arlit an ce kilomita ɗari biyu da arba'in ne, amma wanda ya auna bai hau motar da na hau ba. Kwaltar ta zama ramuka, direba ya bar ta ya bi gefenta, mu kuwa muna ta gwara kai da rufin mota. Yawancin fasinjan samari ne masu zuwa haƙar zinariya a Cibarakaten, kowa ya naɗe fuska da rawani, ba ka ganin komai sai idanu. Na tambayi direba ko akwai inda za mu tsaya mu sha inuwa. Ya ce, "Hajiya, in kin ga inuwa ki gaya mini, ni ma nema nike."

Da la'asar muka isa Arlit. Yaya na tsaye a tasha, ya rame, gemu ya yi fari fat. Na yi niyyar in fara da faɗa, da na gan shi sai hawaye suka riga ni.

Akokan ba ta da nisa. Gari ne da aka tsara shi layi-layi don ma'aikata, yanzu gidaje da yawa a rufe, wasu an ciccire musu ƙofofi. Gidan Yaya kuwa ina shiga na ji ƙarnin da na sani tun ina goye. A tsakar gida ya gina kwami da siminti, ya rufe shi da tabarmi, a ciki tarwada ce ke ta wutsil-wutsil. Tun da aka sallame su yake kiwonta, da ruwan da yake saye wurin masu turin kura. Manyan ya sayar, ya bar ƙanana masu tsawon tafin hannu, za su kai arba'in.

Bayan mun ci abinci ya gaya mini abin da ya sa ya kira ni, kuma ba ɗaurin kaya ba ne kawai. Yana da aboki Ba'abzine mai suna Agali, wanda suka yi shekaru suna sauka rami tare. Da aiki ya ƙare Agali ya koma wurin danginsa a ƙasar Dannat, yana kiwon awaki da raƙuma kusa da wani ruwa da ke cikin dutse, wanda ba ya ƙafewa ko da rani. Yaya so yake ya kai waɗannan kifaye ya zuba a ruwan kafin ya bar arewa. A wurinmu ai dasa kifi a tabki aikin lada ne, mahaifinmu ya yi, kakanmu ya yi.

"Habsu," ya ce, "ramin da na gina sun toshe shi. Gidan ga ba nawa ba ne. Shekara talatin, in na tahi mi na bari? Ko kihi in bari, wanda ya ci ya yi mini addu'a."

Na tuna masa cewa Abzinawa ba sa cin kifi. Ya ce wannan tsofaffi ne, yaran yanzu gwangwanin sardin suke buɗewa har su lashe man. Na tambaye shi ko Agali ya san da zancen. Ya ce a'a, kyauta ba a yi mata shela. Ban ja da shi ba. A lokacin ni ma ban ga aibin abin ba, kuma na fahimci in ba a yi wannan ba Yaya ba zai hau motar Maraɗi ba.

Hanyar Dannat

Kwana biyu ba mu ba kifin abinci ba, kamar yadda ake yi in za a yi tafiya da shi, don kada ya ɓata ruwansa. Muka samu bido biyu, wato jarkokin roba, irin na man girki, muka yanke musu baki, muka raba kifin, muka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Wani direba mutumin Tawa mai a-kori-kura, da ke kai wa makiyaya gero da sukari, ya yarda ya ɗauke mu ya kuma biyo mana washegari.

A shingen fita gari soja ya ɗaga buhun yana tsammanin fetur ne, wata tarwada ta watsa masa ruwa a fuska. Ya kira abokan aikinsa su zo su ga abin da bai taɓa gani ba, masu kai kifi daji. Suka yi dariyarsu suka ɗaga mana igiya.

Mun ɗan bi hanyar Agadas, sannan muka saki kwalta muka yi gabas. Daga nan babu hanya sai sawun taya, tsakuwa baƙa, da busassun koramu masu 'yan itatuwan ƙaya. Duk ramin da motar ta faɗa, Yaya sai ya buga rufi a tsaya ya duba kifinsa. Ni da ke zaune kan buhun gero bai taɓa tambayar ko ƙashina na nan daidai ba. Duwatsun Abzin suka riƙa matsowa har muka shiga gindinsu bayan azahar.

Zangon Agali bukkokin tabarmi ne guda huɗu a bakin korama. Dogon mutum ne siriri, rawaninsa ya rufe har hanci. Shi da Yaya suka riƙa shafa tafin hannu suna janyewa suna sake shafawa, ana tambayar gajiya da zafi da iyali, har na gaji da tsayuwa. Matarsa Gaishata ta ja ni cikin bukka, ta ba ni nonon akuya da cuku. Hausarta kaɗan ce, kuma da "kai" take kirana, amma mun fahimci juna. Aka yi shayi zagaye uku, aka gasa gurasa a cikin rairayi da toka, aka yanka ɗan akuya. Bidon nan biyu Yaya ya ɓoye su a inuwar wani dutse, ya ce wa Agali tsaraba ce, sai da safe.

Ruwan

Da sassafe muka bi korama zuwa sama, Gaishata da jakinta a gaba, Yaya da Agali kowa ɗauke da bido ɗaya, Agali bai san abin da ya ɗauko ba. Duwatsu suka matse mu dama da hagu, iska ta yi sanyi, sai ga ruwan. Su suna ce masa agalmam. Ni da na tashi a bakin tabkin Madarumfa, da a gida ne ba zan kira wannan ruwa ba, don bai fi filin tsakar gida biyu ba. Amma bayan kwanaki ina kallon tsakuwa, da na gan shi kwance a inuwar dutse, kore shar, sai da na ce ma sha Allah.

Kuma a cike yake da rai. Kurciyoyi na sauka suna tashi, mazari ja da shuɗi na shawagi a kan 'yar ciyawar bakin ruwa, wasu ƙwari na gudu a saman ruwan. A gefe inda ba zurfi, 'ya'yan kwaɗi ne baƙi ƙirin, dubbai, suna kaɗa wutsiya. Agali ya nuna mini sawu a laka: wannan na ragon dutse ne, wannan na dila, wannan na barewa. Ya ce dabbar gida ba ta sa ƙafa a ruwan. Ana ɗiba ne a zuba mata a wani kwarin dutse can ƙasa. Ba a wanki da sabulu a kusa. In la'asar ta yi kuma kowa ya bar wurin, don na daji su ma su sha.

Na lura Gaishata ba ta sa ƙwarya a ruwan ba sai da ta tsuguna ta daɗe tana kallon gefen. Na tambaya me take nema. Agali ya ce kwaɗin take dubawa. Tun da aka fara neman zinariya, baƙi na ratsa duwatsun nan, wasu kuma suna wanke dutsen da suka daka da magani mai guba a duk ruwan da suka samu. Akwai wani agalmam a arewa da su, tafiyar yini, da aka yi wa haka. Ruwan bai sauya launi ba, bai yi wari ba, amma matan da suka je ɗiba sun tarar da 'ya'yan kwaɗi sun juya ciki sama, sai suka koma da tulunansu wayam. Wani makiyayi da ya zo daga nesa bai duba ba, ya shayar, ya yi asarar awaki. Tun daga nan, in ba a ga kwaɗi suna motsi ba, ko yaro ba a ba shi ruwan.

A nan na tuna da abin da ke cikin bidonmu. Na dubi Yaya, na ga shi bai ji komai a zancen ba, hankalinsa na kan buhun da yake kwancewa. Ya buɗe bidon, ya yi jawabinsa da ya daɗe yana shiryawa: zaman amana, shekarun rami, sadaka mai gudana. Gaishata ta leƙa, ta ga masu gashin baki suna motsi, ta ja da baya tana toshe hanci da mayafi.

Agali ya daɗe yana kallon kifin. Ya yi godiya sosai, yadda ya kamata. Sannan ya tambaya, "Isuhu, shi wannan mi yake ci?"

Yaya ya ce laka da gansakuka, da duk abin da Allah ya hore. Agali ya gyaɗa kai, ya juyo gare ni.

"Hajiya, kai ne mai yanka shi kullum. Mi kake gani cikin cikinshi?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ga wana da ya yi mini uba bayan mahaifinmu, yana kallona, ga mutanen da na kwana a bukkarsu na sha nononsu. Tarwadar da na fede a rayuwata ba ta ƙirguwa, kuma na san abin da ke fita daga cikinta. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Tarwada ba ta da haram. Na sha fiddo kwaɗo sukutum daga cikinta, da ƙananan kihi, har ɗan tsuntsu. A ruwa ƙarami kamar wanga, kafin damina ta zagayo ba za a ga ɗan kwaɗo ko ɗaya ba. In ta gama da su ta koma cin 'ya'yanta."

Yaya ya ce ni da shi ciki ɗaya muka fito, amma a gaban mutane na zaɓi kwaɗo. Ya ce a Madarumfa ba ga tarwada ga kwaɗi ba? Na ce Madarumfa tabki ne mai faɗi da ciyawa da wurin ɓuya, nan kuwa akushi ne. Ya ce in rufe masa baki, na rufe.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Agali bai ce a'a ba. Su a wurinsu mayar da kyautar baƙo abin kunya ne babba. Ya gyara rawaninsa ya ce, "Ruwa na Allah ne, kai kuma abokina ne. In ka zuba, ba ni riƙe hannunka." Ya koma gefe ya zauna a kan dutse. Gaishata ta tsaya riƙe da ƙwaryarta, idonta na kan bidon.

Yaya ya ce bari ya nuna mana ƙaryata. Ya karɓi ƙwaryar, ya kamfato ruwa daga gefe da 'ya'yan kwaɗi kamar ashirin a ciki, ya juye a bido ɗaya. Ruwan bidon ya tafasa. Ba a yi daƙiƙar da za a ce bisimilla a ƙare ba ya lafa, muka leƙa, babu ko ɗaya.

Ya ce ai yunwa suke ji, kwana biyu ba su ci ba. Ya tsuguna a wurin, hannu ɗaya a kan bakin bidon, tsakaninsa da ruwan bai fi taku ɗaya ba. Ni dai ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na san shi, in ya ji kunya yakan yi abin da ya fi muni don kada a ce ya ja da baya. Ya daɗe a haka yana kallon baƙaƙen 'yan abubuwan nan suna kaɗa wutsiya a gefen ƙafarsa.

Sai ya miƙe, ya ɗauki bido ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya juya ya bi korama zuwa ƙasa. Agali ya tashi zai karɓi ɗaya, ya ce a bar masa kayansa. Tsoho mai ciwon baya, ya sauke ya huta ya fi sau biyar, amma bai yarda kowa ya taɓa ba. Sai da muka yi nisa da ruwan, inda ko ambaliya ba za ta mayar da kifin ba, ya tuntsurar da su a kan rairayi.

Sauran aikin nawa ne. Gaishata ta hana ni wuƙarta da tukunyarta, tana dariya tana ba ni haƙuri, sai da ƙaramar wuƙar Yaya na yi fiɗa. Na haƙa rami, na jera itacen ƙaya, na yi banda kamar ina rumfata. Duk mutanen zangon suka koma inda iska ba za ta kai musu ƙarnin ba. Da direbanmu ya iso, shi ya ci na farko, ya ce tun da ya baro Tawa bai ci irinsa ba. Yaya bai taɓa ba.

Wurin sallama shi da Agali sun daɗe riƙe da hannun juna a bayan mota. Ban ji abin da suka ce ba, kuma ban tambaya ba.

Komawa gida

Kwana uku muka yi a Akokan muna ɗaure kaya, maganar da ke tsakanina da Yaya ba ta wuce "miƙo igiya" ba. Kwamin simintin ya bar wa maƙwabcinsa, wani Kirista mutumin Damagaram mai gyaran firiji, wanda ya ce zai shuka tumatir a ciki. Muka hau motar Agadas da asuba, kujera ɗaya, kowa na kallon gabansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ganin na samo wana kuma na rasa shi a tafiya ɗaya. Amma ko a lokacin, da za a sake tambayata abin da tarwada ke ci, amsar ba za ta sauya ba.

Mun kwana a Agadas, muka wuce Abalak da rana tsaka. Sai a Tawa, da muka sauka sallah, ya sayo fura ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce in sha, bakin da ba ya iya yin shiru yana bukatar jiƙawa. Na karɓa na sha. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Mun iso Maraɗi lafiya, washegari muka ƙarasa Madarumfa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Agali da Gaishata da suka karɓe ni kamar 'yar gida, da direbobin da suka yi haƙuri da bakina. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare musu ruwansu.

Da yamma dangi suka cika gidanmu na gado ana yi wa Yaya barka da zuwa. Wani ƙanen mahaifinmu, tsohon masunci da ba ya tauna magana, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce shekara talatin a arewa, gida ya gina ko gona ya saya, me ya bari a can? Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai fito.

Yaya ya dube shi ya ce, "Baba, akwai wani ruwa cikin dutse. Na baro shi yadda na iske shi."